LORD REITH: MUTUMIN DA YA MAI DA WATSA LABARI AIKIN JAMA'A

Duk wanda ya ke cin albashi daga baitulmalin jama'a, ko malamin makaranta ne ko akawu, ba ya rasa ranar da zai zauna ya auna aikinsa da ladansa, ya dubi tsaransa da ya shiga kamfani ya yi ƙiba, ya tambayi kansa ko ya yi dabara. Saboda haka na ga ya kamata in kawo muku tarihin wani Bature wanda ya kafa gidan watsa labari na Ingila, watau BBC, ya shimfiɗa ƙa'idodin da ma'aikatan rediyo da telebijin na jama'a su ke bi a ƙasashe da yawa, sa'an nan ya bar aikin da ƙafarsa, ya yi shekara 33 yana cizon yatsa. Sunansa John Reith.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haife shi ran 20 ga watan Yuli, 1889, a wani gari na bakin teku wai shi Stonehaven, cikin ƙasar Sikotilan. Shi ne auta cikin 'ya'ya bakwai. Ubansa babban limamin coci ne a birnin Gilasgo, gidansu kuwa gida ne na tsananin ibada da horo, ba a wasa da ranar Lahadi. Wannan reno ya bi shi har kabari.

Da ya gama makaranta ya so ya wuce jami'a, amma uban ya ƙi, ya kai shi koyon aikin injiniya a wani kamfani mai ƙera kawunan jirgin ƙasa a Gilasgo. Ya shekara biyar yana sammako zuwa ma'aikata, da dare kuma ya tafi kwalejin koyon sana'a. Bai so aikin ba ko kaɗan, amma a nan ya koyi tsara aiki da kiyaye lokaci da bi da mutane masu yawa.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi cikin 1914 ya tafi Faransa yana hafsa. Mutum ne dogo ƙwarai, tsawonsa ƙafa shida da inci shida, ba ya kuwa son sunkuyawa. Cikin watan Oktoba na 1915 harsashi ya same shi a kunci, ya bar masa babban tabo wanda ya ƙara wa fuskarsa kwarjini. Da ya warke aka aika shi Amurka, kusa da birnin Filadelfiya, ya riƙa duba bindigogin da a ke ƙera wa sojan Ingila. Bayan yaƙi ya zama manajan wata ma'aikatar ƙarfe kusa da Gilasgo, ya yi aure cikin 1921. Shekara ta zagayo sai ya ajiye aikin, ya nufi Landan ba da wani abin yi a hannu ba, sai dai ya sakankance a ransa an halicce shi domin wani babban al'amari.

Aikin da bai san kansa ba

A wannan shekara ta 1922 kamfanonin da ke ƙera akwatunan rediyo su ka haɗa kai su ka kafa kamfani guda na watsa labari. Nufinsu ciniki ne kawai: in akwai abin saurare, mutane za su sayi akwati. Su ka buga a jarida suna neman janar manaja. Reith ya gani ya nema, aka kira shi, aka ɗauke shi cikin watan Disamba, a kan albashin fam 1,750 a shekara. Watau fiye da fam 33 ke nan a mako, a zamanin da leburori da yawa a Ingila ba su samun fam 3. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa ranar da aka ɗauke shi bai san ko mene ne watsa labari ta iska ba. Ma'aikatan da ya tarar kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Abin da ya fara dubawa shi ne inda kuɗi za su fito, gama ya san mai biya shi ke da iko. A Amurka 'yan kasuwa ke biyan gidajen rediyo don a yi musu talla, saboda haka abin da zai tara masu saye shi a ke watsawa. A Ingila kuwa an shirya duk mai akwatin rediyo ya yanki lasin na sule goma a shekara a gidan waya, a ba gidan watsa labari rabonsa. Reith ya riƙe wannan hanya da hannu biyu. A ganinsa, tun da jama'a ke biya, jama'a za a yi wa aiki, aikin kuwa kashi uku ne: a sanar da su, a ilmantar da su, a kuma faranta musu rai. Ya ƙi yarda a riƙa ba mutane abin da su ke so kaɗai, sai a haɗa da abin da zai ɗaga su. Cikin 1924 ya rubuta littafi ya bayyana wannan ra'ayi, bai kuwa sāke shi ba har ya mutu.

Jarrabawa ta zo masa cikin watan Mayu na 1926, sa'ad da ma'aikatan Ingila su ka yi yajin aiki na gama-gari har kwana tara. Jaridu su ka tsaya, ba inda za a ji labari sai rediyo. Mista Churchill, wanda ke riƙe da baitulmali a lokacin, ya so Gwamnati ta karɓe gidan ta mai da shi bakinta. Reith ya yi ta kai da kawowa wurin Firayim Minista Baldwin har aka bar masa gidansa. Amma fa ba a banza ya tsira ba. Ya hana shugaban 'yan hamayya, Ramsay MacDonald, yin jawabi, ya kuma jinkirta kiran sulhu na Babban Limamin Kantabari, don kada ya fusata Gwamnati. Masana tarihi har yanzu suna gardama ko ceton gidan ya yi ko sarayar da 'yancinsa. Abin da ba gardama shi ne daga ranar nan shi da Churchill ba su sāke shan inuwa ɗaya ba.

Ran 1 ga watan Janairu, 1927, aka sallami 'yan kasuwa masu hannun jari, gidan ya zama hukuma ta jama'a bisa takardar izini daga hannun Sarkin Ingila. Ba na Gwamnati ba ne, ba kuma na wani attajiri ba. Reith ya zama Babban Darekta na farko, aka kuma ba shi lambar girma ta Sir.

Yadda ya bi da ma'aikata

A nan ne tarihinsa ya fi shafarmu. Kafin zamaninsa babu wata sana'a wai ita watsa labari. Shi ya mai da ita aiki mai daraja wanda ɗan mutunci zai shiga ya tsufa a ciki. Ya ɗauko wani tsohon hafsan jiragen ruwa, Admiral Carpendale, ya zama mataimakinsa, aka riƙa tafiyar da gidan kamar barikin soja. Masu karanta labari da dare sai sun sa baƙar kwat irin ta zuwa liyafa, ko da ya ke ba mai ganinsu, ba a kuma faɗin sunayensu, don kada mutum ya fi aikin suna. Manyan ma'aikata shi da kansa ya kan gana da su kafin a ɗauke su, ya kan tambaye su har da batun addininsu.

Ta wajen mata ya riga zamaninsa da farko. Ya yarda mace mai ilmi ta riƙe babban matsayi. Cikin 1927 Hilda Matheson ta zama shugabar sashen jawabai a kan fam 900 a shekara, albashin da maza da yawa ba su kai ba. Amma ba su daɗe ba su ka saɓa a kan irin mutanen da za a bari su yi magana, ta ajiye aiki a ƙarshen 1931. Cikin 1932 kuma aka kafa doka mai tsananta wa matan aure zama cikin aikin, ba a soke ta ba sai 1944.

Ta wajen hali kuwa ba ya sassauci. Babban injiniyan gidan, Peter Eckersley, wanda da basirarsa aka kafa tashoshin farko, dole ya bar aiki cikin 1929 saboda maganar mace da kisan aure. Gwanintarsa ba ta cece shi ba.

Aibin wannan tsari shi ne komai yana hannun mutum ɗaya. Albashin manyan ma'aikata a asirce ya ke, kowa da yadda aka shirya da shi, ƙari kuwa sai yadda shugabanni su ka ga dama. Reith bai son ƙungiyar ma'aikata, yana ganin uba ba ya bukatar a shiga tsakaninsa da 'ya'yansa. To, muddin uban adali ne, lafiya. Ran da ya karkata fa, wa za a kai wa ƙara?

Wata shari'a mai ban dariya ce ta tona wannan. Editan mujallar gidan, Rex Lambert, ya taɓa rubuta littafi a kan wani tunku da aka ce yana magana a wani tsibiri. Wani babban mutum, Sir Cecil Levita, ya riƙa faɗi cewa mai gaskata irin wannan ba shi da cikakken hankali. Lambert ya kai ƙara. Shugabannin gidan su ka matsa masa ya janye, su ka nuna masa in ya ƙi zai ɓata gabansa. Ya ƙi. Cikin 1936 kotu ta ba shi gaskiya, aka biya shi diyyar fam 7,500, maganar matsin da aka yi masa kuma ta fito fili har Firayim Minista ya sa a bincika. Da wannan bincike da na wani kwamitin Gwamnati na wannan lokaci, aka gyara hanyar ɗaukar ma'aikata ta koma kusa da ta aikin Gwamnati: a buga gurbi a jarida, mutane su nema, kwamiti ya zauna ya zaɓa. Ƙungiyar ma'aikata kuwa ba ta samu ba sai 1940, bayan tafiyar Reith. Ashe kirkin shugaba ba ya maye gurbin rubutacciyar ƙa'ida.

Duk da haka gidan ya bunƙasa a hannunsa. Cikin 1932 aka tare a sabon babban gini a tsakiyar Landan. Ran 19 ga watan Disamba na wannan shekara aka buɗe sashen watsa labari zuwa ƙasashen ƙetare, da kuɗin shirye-shirye fam 10 kacal a mako. Cikin Janairu 1938 aka fara watsawa da Larabci, shi ne harshen waje na farko. Daga wannan tushe ne sashen Hausa ya tsiro cikin 1957.

Telebijin, ɗan da bai so ba

Wani ɗan ƙasarsu, John Logie Baird, shi ya fara nuna hoto mai motsi ta na'urar telebijin cikin 1926, ya kuma yi ta naci har aka bar shi ya riƙa gwaji da tashar BBC daga 1929. Reith bai ɗauki abin da muhimmanci ba. A ganinsa kunne ƙofar hankali ne, ido kuwa ƙofar shagala.

Duk da ƙinsa, ran 2 ga watan Nuwamba, 1936, aka buɗe tashar telebijin a wani tsohon gini bisa tudu a arewacin Landan, mai suna Alexandra Palace. Aka riƙa gwada na'ura iri biyu bi da bi, ta Baird mai layi 240 da ta kamfanin Marconi-EMI mai layi 405, har cikin Fabrairu 1937 aka yar da ta Baird. Ranar buɗewa Reith ya ƙi yarda a nuna fuskarsa.

Ma'aikatan farko na telebijin sun sha wuya. Ba su da kuɗin kansu, sai abin da aka gutsuro musu daga lasin na rediyo. Ɗakunan aiki ƙanana ne, fitilu kuma da zafi kamar maƙera. Sa'a biyu kaɗai a ke watsawa a yini, akwatin kallo kuwa kuɗinsa ya kai wajen fam 100, sai masu hali na Landan da kewaye. Manyan gidan suna ganin wanda aka tura can kamar an kai shi ƙauye ne. Amma samari da 'yan mata sun gane inda gobe ta ke: da aka nemi mata biyu masu gabatar da shiri, fiye da dubu su ka nema. Ran 1 ga watan Satumba, 1939, aka rufe tashar saboda yaƙi, lokacin nan akwatunan kallo wajen 20,000 ne. Ba a sāke buɗewa ba sai Yuni 1946, aka kuma fito da lasin na fam 2 mai haɗe da rediyo da telebijin.

Fitarsa

Kafin nan Reith ya tafi. Wajen 1938 ma'aikata sun kai kimanin 4,000, masu lasin sun haura miliyan takwas, aiki yana tafiya da kansa, shi kuwa ya fara jin rigar ta yi masa kaɗan. Ba kuɗi ya ke nema ba, girma ya ke nema. Firayim Minista Chamberlain ya bukace shi ya je ya gyara kamfanin jiragen sama na Imperial Airways, wanda jiragensa su ka fara sauka Kano daga Khartum cikin 1936. Ya karɓa. A ƙarshen watan Yuni 1938 ya fita daga ofishinsa da hawaye, da dare ya tafi babbar tashar Droitwich ya kashe injin da hannunsa. Da ya ga ba a shawarce shi a kan magajinsa ba, ya yi fushi har ya sa aka kwashe akwatunan gidan daga gidansa.

Daga nan muƙamai su ka yi ta zuwa, ba wanda ya ƙosar da shi. Cikin 1940 ya zama Ministan Watsa Labari, sa'an nan na Sufuri, sa'an nan na Ayyuka, aka kuma naɗa shi Lord. Amma yanzu Churchill ne Firayim Minista, tsohuwar gaba kuwa ba ta mutu ba. Cikin Fabrairu 1942 aka sallame shi. Abin yabo a nan shi ne bai zauna gida ba. Mutumin da jiya ya ke minista ya shiga sojan ruwa da ƙaramin muƙami, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya yi aikin tanadin kayan da aka ƙetare da su zuwa Faransa cikin 1944.

Daga 1950 zuwa 1959 ya shugabanci hukumar raya ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Ya tarar ta tafka hasara, musamman a wani shirin kiwon kaji a Gambiya, ya bi ayyukanta ɗaya ɗaya yana rufe waɗanda ba su da mafita. A zamaninsa ne hukumar ta janye daga shirin noma na Mokwa cikin 1954.

Yaƙinsa na ƙarshe a kan telebijin ne, abin nan da ya rena. Da aka kawo shawarar a bar 'yan kasuwa su buɗe tasu tasha ta talla, ya miƙe a Majalisar Dattawa cikin 1952 ya kamanta abin da shigowar annoba. Bai ci nasara ba. Cikin 1953 mutum fiye da miliyan 20 su ka kalli naɗin Sarauniya Elizabeth ta telebijin, cikin Satumba 1955 kuma tashar 'yan kasuwa ta buɗe. Nan da nan ɗaruruwan ma'aikatan BBC su ka ƙaura can saboda albashi mai tsoka. Tun daga ranar nan gidan jama'a ya shiga tsaka mai wuya: in ya biya kamar kasuwa, masu lasin su ce ana ɓarna da kuɗinsu, in ya ƙi, gwanaye su gudu.

Da tsufa ya zo an girmama shi a ƙasarsu, ɗaliban Jami'ar Gilasgo su ka zaɓe shi shugabansu na girmamawa cikin 1965. Amma ransa bai kwanta ba, kullum yana ganin ba a ba shi aikin da ya kai ƙarfinsa ba. Ya rasu a Edinbara ran 16 ga watan Yuni, 1971, yana da shekara 81. Cikin 1975 aka buga littafin da ya ke rubuta sirrinsa kowace rana, mutane su ka ga abin da ya ba su mamaki: ƙiyayya mai zafi ga abokan aiki, da sha'awar yadda Hitler da Mussolini su ke tafiyar da mulki kafin yaƙi. 'Yarsa ma daga baya ta rubuta irin wuyar zama da shi a gida.

Abin da ya bari

Gidan da ya gina ya fi shi daɗewa, ya kuma haifi 'ya'ya. Da aka kafa hukumar watsa labari ta Nijeriya cikin 1957, tsarin BBC aka duba. Telebijin ya fara a Ibadan cikin 1959, ya iso Kaduna cikin 1962, cikin 1977 kuma aka haɗa tashoshin ƙasa a ƙarƙashin hukuma guda. Sai dai ba ko'ina aka ɗauki darasinsa na farko ba, watau mai biya shi ke da iko. Tashar da albashin ma'aikatanta ke fitowa kai tsaye daga hannun mai mulki, da wuya ta faɗi abin da ba ya so.

A Ingila kuma maganar albashi ba ta mutu ba. Lasin ɗin nan na sule goma ya kai fam 169 da rabi cikin 2024. Cikin 2017 aka tilasta wa gidan ya buga sunayen masu gabatar da shiri da ke samun fiye da fam 150,000 a shekara, sai aka ga maza sun yi wa mata nisa. Cikin Janairu 2018 wakiliyarsu ta ƙasar Sin, Carrie Gracie, ta sauka daga muƙaminta saboda wannan bambanci, har gidan ya ba ta haƙuri ya biya ta. Ciwon nan na albashin ɓoye da Reith ya bari, shekara tamanin bai warke ba sai da aka buɗe shi ya sha iska.

To, malamai da akawuna, ga abin da na tsinta. Reith ya yi gaskiya da ya ce aikin jama'a amana ne, ba a auna shi da albashi kaɗai, wanda kuma ya shige shi don ya yi arziki ya ɓata hanya. Amma bai kamata a fake da wannan a danne hakkin ma'aikaci ba. Mai riƙon amana yana da hakkin ya san matakin albashinsa a rubuce, ya san hanyar ci gabansa, ya kuma san inda zai kai kuka in an zalunce shi. Na uku kuwa ga mu kanmu ne: mutumin nan ya sami aikin da aka halicce shi dominsa, ya rena shi, ya bar shi yana hangen wanda ya fi, bai kuwa sāke samun kamarsa ba. Kowa ya ke da aji ko tebur da jama'a ke amfana da shi, ya dube shi da kyau kafin ya ce ya yi masa kaɗan. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya kuma ba mu wadar zuci.